Jan rigar dogari da shuɗin ɗan Kura: neman gyara a kan launi da kaifin hoto

Sabon Mai Hoto:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na sanya hotuna biyu da na ɗauka a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano a wani Hawan Daushe na shekarun baya, kuma ina roƙon ku duba mini su ta fuska biyu, wato ƙarfin launi da kaifin hoto, domin akwai wanda ya nemi a wanke masa na farkon a takarda mai inci 16 a 24 ya rataya a falonsa. A hoton farko dogari ne a tsaye cikin rigarsa ja da kore, a bayansa kuma akwai mahayi da rawani ɗan Kura. A na biyu mahaya ne suka sako dawakai za su yi jahi, ƙura ta turnuƙe a bayansu. Na ɗauke su da kyamara mai megafiksel 24 a tsarin RAW, wato fayil ɗin asali da kyamara ke ajiyewa kafin gyara, na gyara su a manhajar Lightroom. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a kwamfutata launin ya yi mini daidai, amma da na tura wa abokai ta WhatsApp, wani ya ce jan ya yi yawa har yana cin ido, wani ya ce hoton ya koɗe, sauran kuma suka ce ya yi kyau ba tare da sun faɗi dalili ba. Ina son wanda zai gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ce komai, ɗan'uwa, ka sake turo hotunan a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, domin abin da muke gani yanzu manhaja ta riga ta matse shi, kuma duk hukuncin da za mu yanke a kansa hukunci ne a kan aikin manhajar. Ka haɗa da saitin da ka ɗauka da shi, da lambobin da ka sa wajen gyara, sannan ka yanko mana fuskar dogarin da kan dokin tsakiya a cikakken girmansu, ba tare da ka rage ko ka ƙara ba.

Sabon Mai Hoto:
Na gode, ranka ya daɗe, ga su nan na turo. Duka biyun da lens mai jawo nesa na ɗauka a milimita 200, buɗewar idon lens f/11, saurin shota 1/320 na daƙiƙa, ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, 200. Wajen gyara na ƙara maɓallin ƙarfin launi zuwa 35, na kore hazo zuwa 40, na kaifi kuma zuwa 110. Na fitar da su a tsarin launi na Adobe RGB saboda na ji an ce ya fi ɗaukar launuka da yawa.

Malamin Kwamfuta:
Bari in fara da abin da ya sa abokanka suka saɓa, domin ba lalle ne wani daga cikinsu ya yi kuskure ba. Kowannensu ya faɗi abin da allon wayarsa ya nuna masa, kuma allunan ba iri ɗaya ba ne. Wayoyin Samsung da dama suna da zaɓi biyu na nuna launi, ɗaya mai zafafa shi, ɗaya mai barinsa a yadda yake, kuma mutane ƙalilan ne suka taɓa shiga wurin su duba wanne suke kai. Wayoyin iPhone tun daga 2016 suna amfani da allo mai faɗin launi fiye da na gama-gari. Ga kuma Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu, kowace da irin allonta, wata tana karkata ga shuɗi, wata ga ɗorawa. Idan ka haɗa da cewa wani ya duba a tsakar rana wani kuma a cikin ɗaki da dare, za ka ga cewa ba hoto ɗaya suka kalla ba.

Abu na biyu shi ne Adobe RGB. Gaskiya ne ya fi tsarin launi na sRGB faɗi, musamman a ɓangaren kore da kore mai shuɗi-shuɗi, amma sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, shi ne abin da intanet da yawancin manhajoji suka ɗauka a matsayin ma'auni. Fayil ɗin hoto lambobi ne kawai, kuma akwai wata 'yar alama a cikinsa da ke gaya wa na'ura yadda za ta fassara lambobin. Idan manhaja ta zubar da wannan alama, ko ta ƙi kula da ita, sai ta karanta lambobin Adobe RGB a matsayin na sRGB, hoton ya fito a koɗe. Ina kyautata zaton abin da ya faru da abokinka da ya ce ya koɗe ke nan. Haɗarin da ke cikin wannan shi ne mai hoto ya ji an ce ya koɗe, ya koma ya ƙara launi a kan hoton da tun farko launinsa ya yi yawa. Saboda haka duk abin da za ka nuna wa mutane a waya, ka fitar da shi a sRGB, sannan ka tambaye su ra'ayi.

Baba Mai Wanki:
Ɗana, na buɗe fayil ɗin a babban allo, kuma wanda ya ce maka jan ya yi yawa ya faɗi gaskiya, sai dai bai gaya maka yadda za ka gane da kanka ba. Kada ka tambayi idonka ko jan ya yi kyau, domin ido yana sabawa da launi cikin 'yan mintuna, wanda ya zauna a gaban hoto yana ƙarawa kaɗan-kaɗan ba zai san lokacin da ya wuce iyaka ba. Ka duba kafaɗar dogarin ta dama, inda rana ta sauka. Riga ce mai yalwa, dole tana da ninki da inuwa da ɗinki, amma a hotonka wurin ya zama fili ja guda ɗaya, babu ninki, babu zare. Wannan ita ce shaidar da ba ta dogara da allon kowa ba.

Dalilin shi ne, a fayil ɗin JPEG, wato hoton da aka fitar bayan gyara, kowane ɗigo yana da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kuma kowace daga 0 take zuwa 255. Jar riga a cikin rana tun a kyamara lambar janta tana dab da ƙarshe. Da ka ƙara ƙarfin launi, wurin da ya kamata ya zama 230 da wanda ya kamata ya zama 250 duk sun taru a 255, bambancin da ke tsakaninsu kuwa shi ne ninkin rigar. Jadawalin haske na gama-gari ba ya saurin nuna wannan, saboda ya fi ba kore nauyi a lissafinsa, sai ka buɗe wanda ke nuna launuka ukun daban-daban za ka ga jan ya jingina da bangon dama. Sa'ar da ka yi ita ce RAW ka ɗauka, wanda a kyamarori irin taka yake ajiye matakai 4,096 ko 16,384 a maimakon 256, don haka akwai kyakkyawan zaton ninkin yana nan a fayil ɗin asali. Ka mayar da maɓallin launin zuwa sifili ka gani.

Hajiya Mai Situdiyo:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban yi musu da kai a kan kafaɗar ba, amma ina jin tsoron yaron ya fita daga nan da tunanin cewa ƙara launi laifi ne. Ni aikin biki nake yi, kuma wanda bai taɓa miƙa wa uwar amarya albam ba bai san yadda mutanenmu suke kallon hoto ba. Mace ta kashe kuɗi a kan leshi, ƙawaye sun yi anko, an yi ƙunshi an yi kwalliya, idan ka kawo mata hoto a yadda RAW yake fitowa daga kyamara, fari-fari babu armashi, za ta ce ka ɓata mata biki, kuma tana da gaskiya, domin ba haka ranar ta kasance a idonta ba. Fayil ɗin RAW da gangan yake fitowa a kwance, yana jiran a gyara shi. Hawan salla ma haka yake. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ya san cewa launi ne ke fara kama ido kafin komai, kuma mai son rataya hoton a falonsa wannan yake nema.

Inda nake da magana a kan hoton shi ne fuskar dogarin. Mutum ne baƙi mai kyawun fata, amma a nan goshinsa da kumatunsa sun koma ruwan lemo. Fatar ɗan Adam, baƙa ce ko fara, a ɓangaren ruwan lemo take zaune a cikin launuka, saboda haka maɓallin da ke ƙara komai gaba ɗaya ita yake fara ɓatawa. Mutum zai yafe maka riga da ta fi ta gaske ja, amma ba zai yafe maka fuskar mahaifinsa da ta canza ba. A wurina ƙa'idar ita ce in ƙara wa tufafi yadda ya dace, in bar fata a launinta, kuma ko an roƙe ni in haskaka amarya ba na wuce abin da hasken fitila zai iya yi mata.

Jikan Marina:
Ni ba gwanin kyamara ba ne kamar ku, amma a gidan rini na tashi, kuma rawanin da ke hoton shi ya sa na sa baki. Wannan launin da nake gani ba na ɗan Kura ba ne. Abin da ke hoton shuɗi ne mai haske irin na yadin kanti, alhali ɗan Kura ya kusa zama baƙi, kuma kyansa yana cikin ƙyallin da yake yi. Bayan an tsoma yadin a baba sau da yawa, ana kai shi mabuga a zuba masa garin shuni a buge shi a kan itace har ya ɗauki sheƙi, shi ya sa idan rana ta taɓa shi yake wani ƙyalli mai ja-ja kamar na tagulla, inda inuwa take kuma ya koma duhu. Saboda wannan sheƙin ne Buzaye suke sayensa da tsada tun zamanin fatauci, har ya zama abin ado a Agadas da kewayenta. Duk wanda ya san kayan, da ya ga hotonka zai ɗauka mahayin rawanin roba ya naɗa, kuma wannan rage masa daraja ne a bainar jama'a, ko da ba da nufi aka yi ba. Ina ganin idan ana neman ra'ayi a kan launi, ya kamata a riƙa nuna wa wanda ya san abin da aka ɗauka, ba masu kyamara kaɗai ba.

Malamin Kwamfuta:
Maganar nan ta Jikan Marina ta fi duk abin da na faɗa amfani, kuma zan iya nuna inda ƙyallin ya tafi. Maɓallin kore hazo da aka kai 40 yana ƙara duhu da ƙarfin launi tare, kuma shuɗi ya fi jin jikinsa, daga nan sai maɓallin launi ya zo ya ƙara a kai. Maganin shi ne a daina jan komai da igiya ɗaya. A Lightroom akwai sashen da ke raba launuka takwas, kowanne da maɓallin karkatarsa da na ƙarfinsa da na haskensa. A can za ka rage ƙarfin shuɗi da haskensa, ka ɗan karkata shi zuwa shunayya, ka rage hasken ja kaɗan don ninkin riga ya dawo, ka bar ruwan lemo inda yake saboda fata. Idan har yanzu kana jin hoton yana buƙatar rai, akwai maɓallin raya launi da ke saman na ƙarfin launi, wanda aka gina shi don ya fi taɓa launukan da suka yi rauni, ya sassauta wa waɗanda suka riga suka cika da kuma launin fata. Wannan zai biya buƙatar da Hajiya ta ambata ba tare da an ƙona rigar ba.

Baba Mai Wanki:
Hajiya, ban ce kada a ƙara ba. Mu ma a zamanin fim muna zaɓen wanda launinsa ya fi zafi idan aikin biki ne. Abin da na ce shi ne akwai iyaka, kuma iyakar ita ce wurin da ɗinki ya fara ɓacewa.

Badamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Kun yi ta magana a kan hoton farko, ni kuwa na biyun ne ya fi damuna, domin mu ma muna ɗaukar hawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kuma matsalar iri ɗaya ce. Na duba kan dokin da ka yanko. Linzami da adon goshinsa sun ja wutsiya zuwa gefe ɗaya, ƙasa da mutanen da ke tsaye a baya kuwa sun fi shi fitowa. Wannan yana nuna cewa ba lens ɗin ne ya gaza ba, kuma ba hannunka ne ya girgiza ba, dokin ne ya yi tafiya a lokacin da shota take buɗe. Tsohuwar ƙa'idar da ke cewa saurin shota ya kai adadin milimitar lens, girgizar hannu kawai take magani. Doki a sukuwa yana buƙatar 1/1000 ko sama da haka.

Kuma hasken da kake da shi ya isa. Da ka buɗe ido daga f/11 zuwa f/8, shota za ta koma 1/640, da ka ɗaga ISO daga 200 zuwa 400, za ta kai 1/1250, hasken hoton bai canza ba. Yawancin masu farawa suna tsoron ɗaga ISO saboda tsakin da yake kawowa, amma a kyamara irin taka 400 ko 800 ba abin damuwa ba ne da rana, kuma tsaki ana iya rage shi daga baya, motsi kuwa ya riga ya zauna.

Sannan ina roƙon ka mayar da ƙurar. Ka kore ta har bayan dawakan ya yi wani duhu mai datti, alhali ƙurar nan da hasken la'asar ke ratsawa ita ce take raba mahaya da taron da ke bayansu, ita ce kuma take nuna gudun. Hoton jahi babu ƙura bai cika ba. Haka ma masu ɗaukar hoto a lokacin hunturu suke yi, su kore hazo gaba ɗaya har sama ta yi shuɗin da ba ta taɓa yi a watan Janairu ba.

Sabon Mai Hoto:
Na fahimta, Allah ya saka da alheri. Amma tunda hawan ya wuce kuma ba zan iya sake ɗauka ba, shin babu yadda za a yi maɓallin kaifi ya ceto na biyun? Na ga ana tallan manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ake cewa suna gyara hoton da ya yi dishi-dishi.

Malamin Kwamfuta:
Ƙanena, maɓallin kaifi ba ya dawo da abin da kyamara ba ta kama ba. Abin da yake yi shi ne ya nemi wurin da haske ya haɗu da duhu, ya ƙara wa gefen haske haske, ya ƙara wa gefen duhu duhu, sai ido ya ji kamar abin ya fito. Aikinsa irin na kwalli ne, yana fito da gefen ido amma ba ya ƙara masa gani. Dabarar ma ta girmi kwamfuta, daga ɗakin wankin fim aka gado ta. Idan aka matsa masa, sai ya bar farin layi a gefen abubuwa, kuma idan ka duba inda rawanin mahayin ya haɗu da sama a hoton farko, da kunnuwan dawakai a na biyu, za ka ga layin a fili. A waya ba ya nunawa sosai, amma a takarda mai inci 24 daga bakin ƙofa za a hango shi. Ya kuma kaifafa tsakin da ke cikin ƙura da ramukan fatar dogarin, wuraren da ba su buƙaci kaifi ba.

Shawarata ita ce ka dawo da shi wajen 40 zuwa 60, ka bar faɗin gefen a kusa da 1, sannan ka yi amfani da maɓallin keɓewa da ke ƙasa. Idan ka danne maɓallin Alt na kwamfuta kana jansa, hoton zai koma baƙi da fari, inda ya yi fari nan kaifin zai sauka, sai ka ja har sama da ƙura da kumatu su yi baƙi. Kaifin ƙarshe kuma a lokacin fitarwa ake sa shi, bayan an san girman da hoton zai fita, domin na allo daban ne da na takarda.

Akwai kuma dalilin da ya sa gefen jar riga ba ya fitowa kamar sauran wurare ko da an yi komai daidai. A tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, wanda yawancin kyamarori ke bi har yau, rabin ɗigogin sensa, wato ɓangaren kyamara da ke kama haske, kore suke gani, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. A kyamararka ke nan miliyan 6 ne kawai suke ganin ja. Idan aka zo matse JPEG kuma, galibi bayanin launi ake fara ragewa kafin na haske. Saboda haka kada ka bi jan da ƙarin kaifi.

Game da manhajojin da ka ambata, suna iya taimakawa idan motsin kaɗan ne, amma inda bayani ya ɓace ƙirƙira suke yi. Za su iya zana wa linzamin ado mai kyau wanda ba shi ne a kan dokin ba.

Wakilin Jarida:
Wannan batu na ƙarshe shi nake so a tsaya a kansa. Hoton falo da hoton labari ba hukuncinsu ɗaya ba, amma hoton hawa yana tsakaninsu, domin ko don ado aka ɗauke shi, bayan shekaru zai zama shaida. UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disambar 2024, kuma ɗalibai da masu bincike za su riƙa neman hotuna a intanet don su san irin lifidi da jalala da alkyabbar da aka yi amfani da su. Idan abin da suka tarar launin ƙarya ne da adon da kwamfuta ta zana, mu muka gurɓata musu tarihin. Gasar hotunan jarida ta duniya, World Press Photo, tana neman fayil ɗin asali daga waɗanda suka kai matakin ƙarshe don a kwatanta shi da wanda aka gyara, kuma ta sha fitar da mutane saboda sun wuce gona da iri. Ba na cewa a ɗora wa mai hoton falo dokar ɗan jarida, amma ka ajiye RAW ɗinka, kuma idan ka yi amfani da irin waccan manhaja ka rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ka yi.

Hajiya Mai Situdiyo:
Na yarda da ajiye asali da kuma faɗin gaskiya a kan manhaja, amma ba na son mu mayar da kowane hoto takardar shaida. Ni ban ga dalilin jefar da na biyun ba. Ƙafafun dawakan sun narke saboda gudu, kuma wannan yana da nasa kyan, har akwai masu rage saurin shota da gangan suna bin doki da kyamara don baya ya ja, mahayi ya tsaya. Matsalar wannan ita ce babu wuri ko ɗaya da ya tsaya cak da ido zai sauka a kai, kuma an yi ƙoƙarin ɓoye hakan da kaifi. A cire kaifin, a dawo da ƙurar kamar yadda Badamagare ya ce, a wanke shi ƙarami, inci 5 a 7 ko 8 a 12, zai yi kyau a albam. Babba ne kawai ba zai ɗauka ba.

Baba Mai Wanki:
To mu dawo kan wanda za a wanke, tunda shi ne aka biya kuɗinsa. Fayil ɗinka ɗigo 6,000 ne a 4,000. Idan aka shimfiɗa shi a inci 24 a 16, kowane inci zai samu 250, wanda ya wadatar ga hoton da za a kalla daga nesa da bango, da sharaɗin ba ka yanke shi da yawa ba. Fuskar dogarin ta fito, gashin gemunsa ana iya ƙirgawa, saboda haka ta wannan ɓangaren ba ka da matsala.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne haske. Allo fitila ne, takarda kuwa hasken ɗaki take jira, kuma kusan duk wanda ya kawo mini aiki ya ce ya fito da duhu, idan na bincika sai in tarar allonsa a ƙure yake. Ka rage hasken allonka har farinsa ya yi kusa da farar takarda da ka riƙe a gefensa a cikin ɗakin da kake aiki. Masu na'urar auna allo suna saita shi a wajen 100 zuwa 120 a ma'aunin haske, amma ko babu na'ura wannan gwajin zai kusantar da kai. Ka kuma sani cewa akwai jan da allo ke nunawa wanda takarda ba ta iya kaiwa, idan ka tura mata shi sai ta tattara shi wuri ɗaya, ninkin da ka wahala ka dawo da shi ya sake ɓacewa.

Saboda haka kada ka biya kuɗin babba kai tsaye. Ka yanko kafaɗar da fuskar da rawanin a girman da za su fito a babban, ka jera su a takarda ɗaya ƙarama, ka yi kala biyu ko uku masu bambancin ƙarfin launi, ka rubuta lamba a ƙarƙashin kowanne. Ka tambayi gidan wankin wane tsarin launi injinsu yake karɓa, domin da yawa sRGB suke so, kuma ka gaya wa mai injin a fili kada ya taɓa maka launi, saboda yawancin injinan suna da gyara na kansu da ke aiki idan ba a kashe shi ba. Idan gwajin ya fito, ka duba shi a bakin taga da rana, sannan ka duba shi a ƙarƙashin irin fitilar da ke falon wanda ya nemi hoton.

Sabon Mai Hoto:
Ga sabon gyaran na turo a matsayin fayil, a sRGB. Ƙarfin launi yana sifili, raya launi 15, kore hazo 10, kaifi 50 tare da keɓewa. Na rage hasken ja da ƙarfin shuɗi daban-daban kamar yadda Malam ya nuna. Ninkin kafaɗar ya dawo, har ɗinkin da ya haɗa jan da koren ana gani, farin layin gefen rawani kuma ya tafi. A idona yanzu hoton ya yi sanyi idan na tuna na farko, amma zan bar shi ya kwana in sake dubawa da safe kafin in taɓa komai. Ina so Jikan Marina ya duba rawanin, Hajiya kuma ta duba fuskar.

Jikan Marina:
Yanzu ya fara kama da ɗan Kura. Duhun ya yi daidai, amma ƙyallin da ke saman naɗin har yanzu fari-fari yake, alhali ya kamata ya ɗan yi ja-ja. Idan akwai yadda za a taɓa wurin shi kaɗai, a gwada.

Hajiya Mai Situdiyo:
Fuskar ta dawo ta mutum, ba ni da sauran magana a kanta. Amma ni a ganina ka rage koren rigar fiye da kima, ya koma kamar wanda ya sha wanki, kuma kore ba shi ne ya ƙone ba tun farko. Ka ƙara masa shi kaɗai kamar 10. Na san Baba zai ce a bari, shi ya sa nake so ka sa duka biyun a takardar gwajin.

Baba Mai Wanki:
A sa duka biyun, Hajiya, takarda za ta raba mu. Ɗana, idan za ka je ka nemi a yi maka gwajin a takarda iri biyu, mai sheƙi da marar sheƙi, domin mai sheƙi tana ƙara wa ja da baƙi zurfi, amma idan za a sa hoton a firam mai gilashi a falo mai taga, ƙyallin zai yi yawa. Ka tambayi wanda ya nemi hoton wane bango zai rataya shi, kuma ka ɗauko mana takardun gwajin a hasken rana ka turo a matsayin fayil.